Gona Ta Gaji: Me Za Mu Bar Wa 'Ya'yanmu?

Kowace shekara, da zarar bazara ta kama, mukan fita da yaran makaranta zuwa gonar da ke bayan azuzuwa domin sassabe. Manyan yara su riƙe gatari da adda, ƙanana su bi baya suna tara kara da ƙirare. Mu sare duk sabara da kalgon da suka tofo, mu tattara wuri ɗaya, mu cinna wuta. Kafin rana ta yi tsaka gona ta yi fes kamar tsakar gida. Haka muka koya wurin iyayenmu, haka kuma muka yi shekaru muna koya wa 'ya'yan mutane, muna ce musu ga alamar manomi mai himma.

Amma a 'yan shekarun nan wani abu yana damunmu. Gonar nan ba ta ba da abin da take bayarwa a da. In ba mu sa mata takin zamani ba, dawa sai ta tsaya iya gwiwa ta yi ja, wuta-wuta ta rufe ta. In kuwa mun sa, kuɗin buhu ya kusa cinye ribar. Mun tambayi iyayen yara, kowa kukansa ɗaya ne, wai ƙasa ta gaji. Dattawa suna nuna mana gonar da kakanninsu suka cika rumbu da ita, yau kuwa hatsinta ba ya kai iyali ga watan shuka.

Don haka a wannan wata muna so mu zauna tare da ku, 'yan'uwa masu karatu, mu duba abu biyu. Na fari, abin da gwamnatocin Nijeriya suka yi ta yi wa noma shekara hamsin da suka wuce. Na biyu, abin da maƙwabtanmu manoman Maraɗi suka yi da gatarinsu, wanda ya sa muka fara shakkar sassaben da muke koya wa yara.

Me ya gajiyar da ƙasa?

A zamanin kakanninmu, in gona ta fara ja da baya sai a bar ta ta zama saura. Shekara biyar, shekara goma, ciyawa da itatuwa su rufe ta, ganye ya zuba ya ruɓe, shanu su bi ta su bar kashi. Sa'ad da aka komo, ƙasa ta huta. Wannan dabara tana bukatar fili mai yawa da mutane kaɗan. A ƙidayar 1963 mutanen Nijeriya ba su kai miliyan 56 ba, yau sun haura miliyan 200. Gandun da mutum ɗaya ya noma an raba wa 'ya'ya, 'ya'ya sun raba wa jikoki. Wa ke da gonar da zai bari ta huta?

Ga shi kuma ba ma barin kome a gona bayan kaka. Kara mukan kwashe domin danga da wuta da abincin dabbobi. Harawa a kai kasuwa. Abin da ya rage mu ƙone. Gona ta kwana tsirara tun daga hunturu har faɗuwar ruwa, iska tana kwashe ƙasar sama, wadda ita ce mai albarka. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da na 1983 da 1984, sun ƙara kashe itatuwa da yawa, mutane kuma suka sare sauran suka sayar domin su sayi abinci.

Abin da ke riƙe ruwa da abincin shuka a cikin ƙasa shi ne ruɓaɓɓen ganye da kara da kashin dabbobi. Shi ke sa ƙasa ta yi duhu, ta yi laushi, ta yi ƙanshi bayan ruwan fari. In ya ƙare, jigawa ta zama kamar rariya. Ka zuba mata yuriya, ruwa ɗaya mai ƙarfi ya gangara da rabonta ƙasa inda saiwar gero ba ta kaiwa. Shi ya sa manomi yakan ce bara buhu ɗaya ya ishe shi, bana biyu ba su yi ba.

Ba dole ne yawan jama'a ya kashe ƙasa ba. Ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano sun daɗe ƙwarai ana noma gonakinsu kowace shekara ba hutu. Wani Baturen Ingila mai bincike, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi shekaru yana nazarinsu. Abin da ya gani shi ne manoman nan suna mayar wa gona abin da suka ɗauka. Suna kiwon awaki da tumaki a gida su kai takin gona, jakuna suna fitowa da sharar birni a mangala, suna haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa, ba sa kuma raba gona da ɗorawa da kuka da gawo.

Shirye-shiryen gwamnati

Ba za mu ce gwamnati ta naɗe hannu ba. A 1972, zamanin Janar Gowon, an kafa shirin gaggauta noman abinci. A 1975 Bankin Duniya ya taimaka aka buɗe manyan ayyukan gona a Funtuwa da Gusau da Gombe, aka yi hanyoyi da rumfunan sayar da taki da iri. A 1976 Janar Obasanjo ya fito da shirin ciyar da ƙasa da ake kira OFN, har aka tura ɗaliban manyan makarantu ƙauyuka lokacin dogon hutu. A 1980 Shugaba Shehu Shagari ya kawo nasa shirin bunƙasa noma. An gina madatsun ruwa irin su Tiga da Bakolori domin noman rani. A Bakolori kuwa, manoman da aka karɓe wa gonaki suka yi bore a kan diyya, 'yan sanda suka kashe mutane da dama a watan Afrilu na 1980.

Bayan haka aka shiga wasan ba da rangwamen taki da janye shi. A 1997 gwamnatin tarayya ta janye, a 1999 ta maido da kashi 25 cikin 100. A 2012 Ministan Gona Akinwumi Adesina ya ce a tsohon tsari manoma 11 kaɗai cikin 100 ke samun takin rangwame, sauran yana ɓacewa a hannun 'yan tsakiya. Sai ya kawo tsarin aika wa manomi saƙo ta wayar hannu ya je ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Buhari ya buɗe shirin rancen noman shinkafa na Babban Banki a Jihar Kebbi. A 2017 an sayar da buhun kamfa naira 5,500 a ƙarƙashin wata yarjejeniya da ƙasar Maroko.

Gaskiya ita ce waɗansu sun amfana. Ayyukan Funtuwa da Gombe ne suka yaɗa noman masara a arewa, shinkafar Kebbi kuma ta cika kasuwanni. Amma in mun jera shirye-shiryen nan muka dube su, za mu ga yawancinsu a kan buhu suka tsaya: buhun taki, buhun iri, da bashin da za a saye su. Kowane shiri kuma yakan mutu tare da gwamnatin da ta haife shi. Sau nawa taki ya iso ƙauye bayan dawa ta yi ciki?

Har wa yau farashin buhun nan ba a hannunmu yake ba. Ana yin yuriya a Nijeriya, babbar masana'antar Dangote da ke Legas ma an buɗe ta a 2022, amma waɗansu sinadaran kamfa daga Maroko da Rasha ake kawo su. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a 2022, taki ya yi tsada a duniya duka. A 2023 aka janye tallafin man fetur, darajar naira ta faɗi, kuɗin buhu ya ninka na 2017 sau da yawa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Gonar da ba ta haihuwa sai da buhun da aka sayo da bashi, rayuwarta aro ce.

Ba muna cewa a daina sa takin zamani ba. Ƙasarmu tana bukatarsa. Shugabannin Afirka da suka taru a Abuja a 2006 sun yi alkawarin kai kilo 50 a kowace hekta kafin 2015, ba a kuwa kai ba. Abin da muke cewa shi ne takin zamani yana ciyar da shukar bana ne, ƙasar da za ta riƙe shi kuwa sai an gina ta da wani abu dabam.

Abin da ya faru a Maraɗi

Daga Katsina zuwa Maraɗi ta Jibiya tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota. Harshenmu ɗaya da su, geronmu ɗaya, sai dai ruwansu bai kai namu ba. A farkon shekarun 1980 ƙasar ta zama fili fetal. Iskar bazara takan taso da rairayi ta binne geron da ya tsiro, manomi ya sake shuka sau biyu ko uku. Mata suna tafiya mai nisa neman itacen wuta, waɗansu suna dafa tuwo da kara da kashin shanu.

Gwamnati da ƙungiyoyin agaji sun kashe kuɗi mai yawa wajen renon 'ya'yan itatuwa da dasa su, yawanci irin na waje. Galibinsu suka mutu. Rana ta ƙone waɗansu, awaki da gara suka cinye waɗansu. Cikin masu wannan aiki akwai wani matashi masanin aikin gona daga Ostireliya, Tony Rinaudo, wanda ke aiki da mishan na SIM a Maraɗi. Shi da kansa ya ba da labarin cewa wata rana a 1983 yana tafe da mota ɗauke da 'ya'yan itatuwa, ya tsaya ya rage iskar taya domin rairayi. Ransa a ɓace, ya yi addu'a, gama ya ga aikinsa ba ya zuwa ko'ina. Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmi irin wanda yake wucewa kullum. Ya matsa ya dubi ganyen, ya gane ashe toho ne na itacen da aka sare, kututturensa da saiwarsa suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa.

Irin waɗannan kututture kuwa suna nan birjik a gonaki. Kowace shekara su tofo, kowace bazara manomi ya sare ya ƙone, kamar dai yadda muke yi a gonar makaranta. Saiwarsu ta riga ta yi zurfi ta kai ga laima, don haka in an bar su sun fi ɗan itacen da aka dasa saurin girma nesa ba kusa ba, ba sa kuma bukatar ban ruwa.

Da fari manoma kaɗan ne suka yarda su gwada, maƙwabta suna yi musu dariya, ana sace musu itacen da dare. Sai yunwar 1984 ta zo. Mishan ta raba hatsi a ƙauyuka kusan 100 bisa sharaɗin kowa ya bar itatuwa wajen 40 a kowace hekta ta gonarsa. Hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi ce. Da yunwa ta wuce aka daina rabon hatsi, sai mutane suka sare wajen kashi biyu cikin uku na itatuwan. Amma waɗanda suka bar nasu suka ga geronsu bai ragu ba, ga itacen wuta a kusa, ga ganyen dabbobi, ga sandunan sayarwa. Gani ya kori ji. Daga nan abin ya riƙa tafiya daga bakin manomi zuwa kunnen manomi, aka sa masa suna sassabin zamani.

Ya kamata mu faɗa cewa dabarar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A yankin Damagaram, wajen Magarya da Matamaye da Mirya, manoma da kansu suka riƙa kare 'ya'yan gawo har gonakinsu suka cika. Ana ma ba da labari cewa sarakunan Damagaram na da sun sa doka mai tsanani a kan mai sare gawo.

Bayan shekara ashirin, masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan suka gwada hotunan da aka ɗauka daga sama a 1975 da na wajen 2005. Lissafinsu ya nuna gonaki wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar sun sake samun itatuwa, kimanin miliyan 200, hatsin da ake samu kuma ya ƙaru da wajen tan 500,000 a shekara. Lalle ruwan sama ya ɗan gyaru bayan shekarun fari, wannan ma ya taimaka. Amma ruwan ya sauka a gonar mai barin toho da ta mai ƙonewa, itatuwan kuwa a ɗaya kaɗai suka tsaya. A 2018 aka ba Rinaudo lambar girma ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin, shi da wani manomin Burkina Faso, marigayi Yakuba Sawadogo.

Dokar da ta raba manomi da itace

Akwai wani sashe na labarin nan da ya shafi masu mulki kai tsaye. Tun dokar gandun daji ta Faransawa ta 1935, itatuwa a Nijar na hukuma ne. Bayan samun 'yancin kai dokar 1974 ta bi wannan hanya. Gawon da ya tsiro a gonarka, in ka sassabe masa reshe ba izini, ma'aikacin gandun daji yana iya cin ka tara. To, wa zai reni abin da zai jawo masa tara? Manomi sai ya tumɓuke ɗan itace tun ba wanda ya gan shi. Dokar da aka yi domin kare itatuwa ita ce ta riƙa ƙarar da su.

A tsakiyar shekarun 1980 ma'aikatan gandun daji na Maraɗi suka sassauta, suka bar manomi ya ci amfanin itacen da ya rena. Dokar karkara ta 1993 da dokar gandun daji ta 2004 suka ƙara ƙarfafa hakkin mai gona. A watan Yuli na 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka musamman a kan wannan irin sassabe, wadda ta tabbatar wa manomi itatuwan da ya rena a gonarsa. Wannan gyara bai ci kuɗin jirgin taki ko ɗaya ba.

Yadda ake sassabin zamani

Aikin ba ya bukatar kome sai adda ko gatari mai kaifi. Kafin sassabe, maigida ya zaga gonarsa ya lura da kututturen da ke tofowa: sabara, kalgo, geza, magarya, aduwa, gawo, da duk wanda ya san amfaninsa. A kowane kututture ya zaɓi rassa masu ƙarfi da suka miƙe, uku zuwa biyar, ya sare sauran. Waɗanda ya bari ya rage musu ƙananan rassa daga ƙasa zuwa rabin tsawonsu. A yi saran daga ƙasa zuwa sama domin kada ɓawon ya yage. A ɗaura tsumma a jiki domin mai wucewa ya san da mai shi. Bayan wata biyu zuwa shida a komo a rage sabon toho.

Ganyen da aka sare kada a ƙone shi, a bar shi a gona. Daga shekara ta biyu ko ta uku ana iya sare sanda ɗaya a kowane kututture domin wuta ko rufin ɗaki, a bar sabon toho ya maye gurbinta. Ta haka kututture ɗaya zai riƙa ba gida itace kowace shekara.

Itatuwan nan suna karya ƙarfin iska, rairayi ya daina binne shuka. Ƙurar hunturu da ganye suna taruwa a gindinsu, shi ya sa geron da ke kusa da sabara yakan fi na fili kyau. Saiwarsu tana jawo abincin shuka daga can ƙasa ta zubar a sama ta wurin ganye. Dabbobi sukan fake a inuwarsu su bar taki. Gawo kuwa ya fi su duka, gama yana zubar da ganyensa da damina, lokacin da shuka ke son rana, ya yi kore da rani. Yana cikin dangin wake, watau yana ƙara wa ƙasa irin sinadarin da ke cikin yuriya, 'ya'yansa kuma abincin tumaki ne a lokacin da ciyawa ta ƙare.

Akwai wahala, kada mu ɓoye. Itatuwa in sun yi yawa ba a rage musu rassa, inuwa takan danne shuka. Mai huɗa da shanu ko tarakta zai so su tsaya a layi. Waɗansu suna tsoron tsuntsaye. Babbar wahala kuwa ita ce ɓarawon itace da mai gawayi da dabbobin da ake saki da rani. Mutum ɗaya ba zai iya tsare gonarsa dare da rana ba. A ƙauyen Ɗan Saga na yankin Maraɗi, mutane sun kafa kwamitin tsaro wanda ya haɗa maza da mata da Fulani makiyaya, suka sa ƙa'ida da tara da kansu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Waɗansu dabaru da ke tafiya tare da shi

Inda ƙasa ta riga ta zama fako, akwai tassa. Da rani ake haƙa ramuka a jere, faɗin kowane kamar kwanon tuwo, zurfinsa wajen ɗani guda, a tara ƙasar a gefen gangare. A zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu. Gara takan zo cin takin ta huda ƙasa, ruwan fari ya taru a ramin ya nutse maimakon ya gudu. A nan ake shuka. Yakuba Sawadogo ya yi suna ne a kan gyara wannan tsohuwar dabara, manoman Illela ta jihar Tawa kuma suka je Burkina Faso a 1989 suka gani, suka komo suka rayar da fako mai yawa da ita.

Takin gida ma yana son kula. Wanda aka bari a rana da iska ƙarfinsa yakan tafi. A haƙa rami a inuwa, a riƙa zuba kashin dabbobi da shara da ƙaiƙayi da toka, ana yayyafa ruwan wanke-wanke, a cire leda da gwangwani. Tsohuwar al'adar nan ta gayyatar Fulani su sauka da shanu a gona bayan kaka, a ba su hatsi su bar taki, ta amfani kowa. Inda zaman lafiya ya bari, ya kamata a farfaɗo da ita.

Wake da gyaɗa da waken suya suna ƙara wa ƙasa ƙarfi. Masu bincike na cibiyar IITA a Kano sun gwada shuka layi 2 na dawa ko masara da layi 4 na wake, ana juya wurin kowace shekara. Waken suya kuma yana ruɗin irin wuta-wuta ya tsiro, ya rasa abin kamawa ya mutu, don haka gonar da wuta-wuta ta addaba a huta da dawa a sa mata shi. Wanda kuma ba shi da kuɗin buhu, ya sayi mudu kaɗan. Cibiyar ICRISAT da ke Nijar ta nuna cewa cikin murfin kwalbar lemo guda na kamfa, wajen giram 6, in an sa a kowane rami lokacin shuka, yana ƙara amfani sosai. In ramin yana da takin gida, sai abin ya fi kyau.

Abin da za mu nema wurin masu mulki

A taron Maputo na 2003 ƙasashen Afirka sun yi alkawarin ba noma kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗinsu. Kasafin gwamnatin tarayyar Nijeriya bai ko kusanci haka ba. Ƙarin kuɗi yana da kyau, amma labarin Maraɗi ya nuna mana inda ya kamata a sa shi.

Da fari, a tabbatar wa manomi a rubuce cewa itacen da ya rena nasa ne. Mai noma gonar aro ko haya ko jingina ba zai reni gawo ba in ya san baɗi za a karɓe gonar. Haka gwauruwar da dangin miji ke iya kora daga gonar marigayi. Hakimai da dagatai da majalisun ƙananan hukumomi suna da abin yi a nan.

Na biyu, a maido da malaman gona. Ƙauyuka da yawa sun yi shekaru ba su ga ko ɗaya ba. A kuma ɗauki manomanmu a mota a kai su su ga gonakin da aka gyara, su yi magana da masu su. Kuɗin bikin dashen itace guda ɗaya, inda manya ke dasawa a gaban masu hoto a watse ba mai ban ruwa, ya isa wannan tafiya. Babban shirin nan na katangar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, wanda ya shafi jihohi 11 na arewacin Nijeriya, shi ma ya koyi wannan darasi, ya karkata ga gyaran gonaki da makiyaya maimakon jera dashe kawai.

Na uku, in za a ba da rangwamen taki, ya iso kafin ruwa, a kuma sayar da shi a ƙananan ƙunshi da talaka zai iya saye. Na huɗu, a kare burtali da wuraren kiwo, gama in makiyayi ya rasa hanya gonar wani zai bi. Na biyar, a taimaki mata da murhu mai cin itace kaɗan. Muddin birane suna dafa abinci da gawayi, gatari ba zai huta a ƙauye ba.

Waɗannan maganganu ba sai a Abuja za a yi su ba. A tashe su a taron ƙungiyar manoma, da na zumuntar mata, da gaban mai unguwa, da kunnen duk mai zuwa neman ƙuri'a.

Bana a gonar makaranta

Mu dai mun yanke shawara. Bana za mu raba gonar makaranta biyu. Rabi za mu sassabe yadda muka saba. A ɗaya rabin kowane yaro zai zaɓi kututture guda, ya gyara shi, ya ɗaura masa tsumma, ya rubuta sunan itacen a littafinsa. Da kaka za mu ƙirga dammunan kowane gefe dabam, mu rubuta, mu sake yi baɗi da baɗin baɗaɗa, gama ba a ganin amfanin itace a damina ɗaya. Mun riga mun je wurin mai unguwa da masu awakin da ke kusa mun roƙi arziki.

Muna roƙon kowane maigida da uwargida da ke karanta wannan su yi haka a ko da kusurwa ɗaya ta gonarsu. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a zaga gona tun yanzu, kafin a wasa gatari. A tafi da yara, a tafi da tsoho ko tsohuwar da ta san sunan kowane toho da maganin da ake yi da shi, domin yawancin yaranmu ba su iya bambanta geza da sabara ba. Wanda ya gwada, ya rubuto mana abin da ya gani, ko mai daɗi ko marar daɗi, mu buga domin sauran 'yan'uwa su ƙaru.